Aibi Na Shida Na Gudale

Shafi na 9

Ni na fara ganinta. Ku rubuta wannan ku aje.

Ranar da anka sauke ta daga kan tirela a Sakkwato, fara sol, ledar kujerunta ko yagewa ba a yi ba, ni ne mutum na farko da ya ɗora hannu a kan bonet ɗinta. Direbobin tasha suna can suna gardamar ko za ta iya hanyar Illela, ni na riga na zagaye ta sau uku, na raɗa mata suna. Gudale. Don fara ce, mai faɗin ƙirji, mai sanyin hali, kamar saniyar ƙasarmu.

Da Alhaji Mode, wanda na sayar mashi da ita, ya rasu shekara uku da sunka wuce, kowa ya ce 'yan gwangwan sun farfasa ta. To ni na sake fara ganinta. Ina kan kabu-kabu a Ƙofar Rini, wutsiyarta kawai ta leƙo daga ƙarƙashin tampol, na bugi kafaɗar mai mashin na ce tsaya. Tsoho mai shekara kusan tamanin, ba tabarau.

Ga waɗanda sunka shigo yau, ni ne Maigandi, wanda tasha ta sani da Ba-Ƙwarzane. Shekara arba'in da ɗaya ina jigilar fataken shanu ban taɓa goge ko jakin wani ba. Haka kunka ji daga shafi na ɗaya har na takwas. Boko ban yi ba, ko sunana na gani a takarda sai mu wuce juna ba sallama. Ni ke faɗa, ɗiyata Rahma ke danna waya. Yau na ce mata duk abin da ya fito daga bakina ta rubuta shi, ko da bai yi mata daɗi ba.

Kai kuma Zayyanu na Gawon Nama, da ka rubuto a ƙasa wai tsoho ya cika baki, mota ɗaya shafi takwas, zamna ka ji. Yau naka ne.

Bakina ya jawo mani. Da na ga Gudale ban iya yin shiru ba, na dawo gida ina ba da labari, Rahma ta ji. Ita kuwa sana'ar kilishi take yi, ta cika ofisoshin Sama Road, yanzu har Birnin Kebbi da Gusau ake biɗar kayanta. Mota mai dogon baya take nema, wadda za ta loda kwalaye ta zuba yaranta uku ta kama hanya da kanta. Mijinta Malam Shafi'u ya fi son ƙarama, 'yar yayi. Ita ta ce Gudale ko a bari. A cikin motar anka kawo Rahma gida tana jinjira, uwarta Sadiyatu, Allah ya jiƙanta, tana gidan gaba tana rungume da ita.

Jiya na tsaya inda Aƙilu, babban ɗan marigayi Alhaji Mode, ya aiko cewa ba zai yi ciniki ba sai Baba Maigandi na wurin.

Na ɗauka girmamawa ce. Har sabuwar hula na sa.

Da hantsi munka isa. Aƙilu ya durƙusa ya gaishe ni, ya kama bakin tampol ya yaye.

Jama'a.

Farin ya koma ruwan madara, tayoyi sun ɗan kwanta, amma ita ce. Na buɗe ƙofa, ƙamshin nan na tsohuwar leda da man inji ya bugi hancina, sai na ji ni a tasha da ƙuruciyata, fatake suna rigimar wa zai zamna gaba. Kujerun nan ja suna nan. A kan ta gaba akwai wani ɗan rami kamar ƙwayar goro.

Rahma ta sa yatsa a ciki.

"Baba, wannan fa?"

"Uwarki ce. Za mu biki Gwadabawa, ta ce sai ta turara mayafinta a hanya. Ta shigo da kasko da garwashi cikin mota."

"Kai kuma ka bar ta?"

"Wa ya isa ya hana Sadiyatu? Na yi faɗa tun daga nan har Kware. Ta ce in ina son kujera fiye da ita, in sa kujerar ta dafa mani tuwo."

Rahma ta yi dariya, ta juya baya tana gyara mayafi. Na san abin da take gogewa.

Aƙilu ya yi gyaran murya.

"Malam Shafi'u, gidanmu gidan shanu ne, ba mu iya cinikin mota ba. Yadda muke sayar da saniya a kara, kasuwar shanu, haka zan sayar maka da wagga. Ba ni hannunka."

Shafi'u ya dube ni.

Na ce, "Ba shi. Haka ake yi."

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A kara, mai tsoron Allah ba ya faɗin aibin dabba da baki kawai. Kama hannun mai saye yake yi, ya ɗora mashi a kan wurin. In kofato ne, ka taɓa. In nono ɗaya ne ya mutu, ka matsa ka ji. In ka saya bayan haka, kai da Allah, ba ka da bakin magana. Gidan Mode a kan haka sunka tashi tun kakansu.

Aƙilu ya ɗaga bonet, ya ɗora hannun Shafi'u a kan batir.

"Na ɗaya. Kan batir yana saki. Tana cikin aiki sai ta ɗauke. Sai an ɗan buga shi da dutse."

"Da dutse?"

"Ga shi nan a gefe, cikin tsumma."

Na leƙa. Wallahi sai da na dafa mota.

Dutsena ne. Baƙi, sumul, wanda na tsinta a bakin gulbi shekarar da munka yi aure.

Na ce, "Malam Shafi'u, ka ga dutsen nan? Ya je Legas sau ya fi ɗari. Ya fi ka yawo."

"Baba, a waya an ce kan batir canza shi ake yi, ba bugu ba."

"Wayar ta taɓa tura mota a rana?"

Aƙilu ya ja shi zuwa ƙofar baya ta hagu.

"Na biyu. Ba ta buɗewa ta ciki."

Na ce, "Maraƙi ne. Daga Achida na ɗauko shi, wani bafillace ya rantse mani an ɗaure shi tam. Muna tafiya ya kwance, ya yi harbi ɗaya. Bafillacen ya fita ta taga, ya bar mani rawaninshi."

Rahma ta ce, "Wannan ai ba aibi ba ne, Baba. Autana ba zai buɗe ƙofa muna gudu ba."

Shafi'u ya ce, "Ke komai nata ado ne a wurinki."

"Awo. Kamar yadda na ɗauke ka da naka."

Na yi kamar ban ji ba. Suruki ne.

Na uku lagireto ne. In zafin Sakkwato ya kai inda ya kai, sai ta fara huci, sai ka tsaya a inuwa ka ba ta ruwa. Na ce wannan ba ciwo ba ne, hali ne, ko ni haka nake. Na huɗu giya ta biyu, tana tsalle ta fita in ba a riƙe ta ba. Na shiga na nuna masu yadda ake tokare ta da gwiwa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya kana cin gyaɗa. Har gwiwata ta tuna wurin kafin kaina ya tuna.

Aƙilu ya kai hannun Shafi'u kan rediyo.

"Na biyar. Akwai kaset a ciki, ba ya fita. Kuma ba ta magana, don Babanmu ya cire wayarta da hannunshi kafin ya kwanta ciwo."

Na ce, "Wannan ba nawa ba ne. Na bar ta tana waƙa."

"Haka ne, Baba. Wannan namu ne."

Ya miƙa ma Rahma makulli.

Ta zamna, ta yi bisimilla, ta murɗa. Shiru. Na ɗauki dutsena na ɗan taɓa kan batir, taɓawa ɗaya, irin ta wanda ya san wurin.

Gudale ta yi tari sau biyu, ta kama.

Ku da kunka saba da motocin da ba a jin numfashinsu, ba za ku gane ba. Murya ce mai kauri, daga ciki take fitowa. Wani tsoho da ke wucewa da buta ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya ce, "Kai! Alhaji Mode ya dawo?" Shafi'u da kanshi ya aje wayar a aljihu, ya zagaya baya ya buɗe but, ya tsaya yana kallon faɗinshi.

Ya ce, "Kwali nawa kika ce?"

"Sha biyu. Ranar Asabar Birnin Kebbi. Kaya a but, yara a baya, ni a nan."

Ta daki sitiyari da tafin hannu, daidai yadda nake yi.

Kaya a but. Yara a baya.

Sai na ji sabuwar hular ta matse mani kai.

Shafi'u ya dawo yana murmushi.

"To, Alhaji Aƙilu, na taɓa biyar, na yarda da biyar. Duk na gyaruwa ne. A sallama mana."

Ya miƙa hannu.

Aƙilu bai karɓa ba. Hannuwanshi na bayanshi. Ni yake kallo.

"Biyar ɗin nan su na sani. Baba Maigandi, kai ka san ta tun ina goye. Akwai saura?"

Na yi dariya.

"Saura kamar mi?"

"Tambaya ce kawai, Baba."

"Yaro, motar da ta yi shekara tara a hannun Ba-Ƙwarzane kake tambaya? Je ka tasha ka ce..."

Rahma ta katse ni daga cikin mota.

"Alhaji, ai ka gama ji. In Baba ya ce babu, babu. Mutumin da bai taɓa ko goge bango da ita ba?"

Ta juya wurin mijinta.

"Ka san mi ya sa ban ji tsoron tsufanta ba? Don ta fito daga hannun Baba. In ya ce in zuba yarana in kama hanyar Agadas da ita yau, ba zan ko duba taya ba."

Inji na ta aiki. Aƙilu na ta kallona. Hannun Shafi'u na nan a miƙe, ya rasa inda zai kai shi.

Ni fa na ga abubuwa. 'Yan fashi sun tare ni a dajin Kwantagora, na wuce. Kwalara ta kwashe rabin layinmu, na tashi. Abokan tuƙina duk suna ƙasa, ni ina cin tuwo da haƙorana. Ban taɓa jin tsoro kamar na wannan hantsi ba.

Na ce, "Rahma, kashe ta."

"Baba?"

"Kashe ta, ki fito."

Na cire hula na ɗora a kan rufin mota. Na tuɓe babbar riga. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, na kwanta rigingine cikin ƙasa, na ja jiki na shige ƙarƙashinta.

"Subhanallahi! Baba, mi kake yi?"

"Malam Shafi'u, kwanto."

"Baba, don Allah ka fito, ni zan duba."

"Ba ka san inda za ka duba ba. Kwanto, na ce."

Kun san abin da ke tsakanin mutum da mijin ɗiyarshi. Shekara goma sha huɗu ko ruwa ban taɓa sha a gabanshi ba. Ga mu kwance kafaɗa da kafaɗa, shi da farar shaddar ofis, ni da 'yar shara, tsatsa tana zuba mana a ido.

"Ba ni hannunka."

Ya ba ni. Na kai shi can ciki, ƙarƙashin kujerar direba, kan babban ƙarfen da dukan mota ke zaune a kai, wanda kanikawa ke kira shasi. Na kankare busasshen baƙin mai da farce. Bai yi wuya ba. Ni na shafa shi.

"Mi ka ji?"

"Kamar kumburi, Baba. Kamar tabo."

"Bi shi."

Ya bi shi da yatsa. Ya yi ta bi, har ya zagaye ƙarfen.

"Walda ce."

"Walda ce. Ƙashin bayanta ya taɓa karyewa biyu. Na shida ke nan."

Ina jin numfashinshi.

"A hannun Alhaji Mode?"

Wallahi ya buɗe mani ƙofa, yaron kirki. Mode ya mutu, ba zai musa ba. In na ce awo, in fito in sa hulata.

Na ce, "A hannuna."

Na ɗaga murya yadda na waje za su ji, don ba zan iya faɗinta sau biyu ba.

"Damina ce, ranar kasuwar Illela. Na sauke fatake, ina dawowa ni kaɗai da rana tsaka. Wani yaron direba, Nasiru, ya wuce ni, ya danna mani ham sau uku. Ni. Na ce yau zai san ubanshi a tuƙi. Na taka ta har ƙasa. Mun wuce Gwadabawa kaɗan, na kusa kama shi, raƙumi ya fito daga gero. Na kauce. Kwalbati ta karɓe mu."

Na ji ƙafafun Rahma sun matso kusa da taya.

"Nasiru bai waiwayo ba. Ba wanda ya gani sai wani manomi. Shanunshi sunka jawo ta zuwa wani ƙauye, mai walda ya kwana uku a kanta. Ya gama ya ce mani, direba, wagga walda za ta ɗauki mutum biyu a cikin gari. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar ramin hanya. Rana ɗaya za ta buɗe, kuma ba za ta yi sallama ba."

"Sai ka sayar."

"Na kwaɓa baƙin mai da laka na shafe. Na dawo gida na ce inji ne ya ba ni wahala. Cikin sati biyu na kai ta wurin Mode."

Aƙilu ya durƙuso, ina ganin gwiwoyinshi.

Na ce, "Aƙilu, ubanka akushi ɗaya muke ci. Shi ya kawo ragon sunan Rahma, ya ƙi a ce mashi an gode. A nan, cikin gidan nan, na kama hannunshi. Na ɗora a batir, na ɗora a ƙofa, na ɗora a lagireto da giya. Ya ce, shi ke nan, Maigandi? Na ce shi ke nan. Don kar tasha ta ji Ba-Ƙwarzane ya kwanta a kwalbati."

Na ci gaba.

"Tun daga ranar ban sake shiga zaurenshi ba. In na hango ta a kasuwa sai in canza layi. Duk sanda na ji an yi hatsari, sai na tambayi launin mota kafin in tambayi wa ya mutu. Ranar jana'izarshi a sahun ƙarshe na tsaya, kusa da takalma."

Shafi'u ya fita, ya jawo ni a hankali. Ya kakkaɓe mani baya. Ya ɗauko hulata da hannu biyu ya miƙo, idonshi a ƙasa.

Rahma na tsaye da makulli a hannu.

"Baba, sau nawa ka ba mu labarin shekara arba'in da ɗaya?"

"Ban ƙirga ba."

"Yarana sun haddace shi. Babban har faɗa ya yi a makaranta a kanshi."

Ta matso kusa da ni.

"Inna ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Har ta rasu?"

"Har ta rasu."

Ta dubi kujerar nan mai ɗan rami. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe ƙofar a hankali, kamar akwai mai barci a ciki, ta aje makulli a kan rufin mota.

"Alhaji Aƙilu, ka yi haƙuri. Ba mu saye."

Ta juyo wurina, idonta ja.

"Da ka yi shiru, da ranar Asabar ina kan hanya."

"Na sani."

"Ban yafe ba tukuna, Baba. Amma sa rigarka, rana na dukanka."

Ita ta riƙe mani hannun rigar.

Aƙilu ya tashi, ya share fuska da hularshi.

"Baba Maigandi, ka taɓa jin an ce an ga Gudale a Kwannawa?"

"Ban taɓa ba."

"Ko a Kware?"

Na tsaya.

"Shekara ashirin da tara tana hannun Babanmu, daga masallaci sai kasuwa sai gida. Ko buhun gero bai yarda a sa mata ba. Mutum uku ba su taɓa shiga tare ba. Muna samari mun yi ta fushi, mota kamar giwa an mai da ita keken Juma'a. In munka tambaya sai ya ce tsohuwa ce, a ji tausayinta, alhali lokacin ba ta tsufa ba."

Aƙilu ya ci gaba.

"Da ciwo ya kwantar da shi ya kira ni. Ya ce, Aƙilu, aibin Gudale shida ne. Biyar ka nuna ma mai saye. Na shida ba naka ba ne, ban kuma gaya maka. Mai shi yana nan da rai, zai zo. Kar ka yi ciniki sai yana tsaye."

Shafi'u ya ce, "Da bai faɗa ba fa?"

"Da na mayar da tampol, na ce na fasa. Ba zan bar Hajiya ta fita da ita ba. Haka ya ce."

"Yanzu da ya faɗa fa?"

Aƙilu ya ɗauki makulli ya shiga mota, ya sa hannu ƙarƙashin rediyo, ya lalubo wata jar waya.

"Ya ce in haɗa wannan."

Ya haɗa. Ya murɗa makulli rabi. Ya danna.

Kaset ya yi shuuu. Anka yi tari. Na san tarin nan. Ko cikin kasuwar Illela na ji shi zan waiwaya.

"Salamu alaikum. Maigandi, sarkin cika baki."

Na zamna a ƙasa. Ban san na zamna ba.

"In kana jin muryata, to ka kwanta ƙarƙashinta ke nan, ka faɗa da bakinka. Kai, na so in ga wannan rana! Da wace riga ka kwanta?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Aƙilu ya kifa kai a kan sitiyari.

"Wawa. Ni falke ne ɗan falke. Saniya ban saye sai na leƙa cikinta, balle mota. Baƙin mai sabo a kan tsohon ƙarfe, wa za ka ruɗa? Na gani tun kana riƙe da hannuna. Na yafe maka kafin ka kai bakin titi. Abin da ban yafe ba shi ne akushi. Kullum sai an aje maka cokali, kai kana can kana zagaye unguwa kamar ɓarawon akuya."

Rahma ta durƙusa kusa da ni. Ta kama hannuna.

"To amma ba don wannan na yi kaset ba. Ba ka taɓa tambayar kanka ba, mi ya sa na gani kuma na saye? Ni mahaukaci ne? Saurara da kyau, don alkawari na ɗauka ba zan faɗa ba sai ka fara faɗin naka. Kwana biyu kafin ka kawo mani ita, Sadiyatu ta zo gidan nan da Rahma a hannu. Ta tsaya a zaure, ta ce mani, Alhaji..."

Ƙit.

Rediyo ta ɗauke.

Rahma ta yi ƙara. "Batir! Baba, kan batir!"

Na tashi, ban san ina da wannan saurin ba. Na fizgi dutse. Shekara tara ina taɓa wurin nan kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar malam, yau hannuna ya ƙi ni. Na maka mashi da dukan ƙarfina.

Kan batir ya rabe biyu, ya faɗo ƙasa.

Munka tsaya mu huɗu muna kallonshi.

Aƙilu ya ce sai an kira kanike. Kaset kuma ba ya fita, ya ce ba mai sa mashi ƙarfe ya zaƙulo, kar ya tsinke.

Sadiyatu.

Matar da na ce mata inji ne, ta ce Allah ya kyauta, ta zuba mani ruwan wanka. Shekara ashirin bayan nan tana zaune a gefe ina ba baƙi labarin Ba-Ƙwarzane, tana tsinke zogale, ba ta taɓa ɗaga kai ba.

Rahma ta ɗan dakata da dannawa, ta ce hannunta ya gaji. Ba hannunta ba ne.

Saura kai, Zayyanu, da duk mai cewa tsoho ya ƙirƙira don a taru a kanshi. Gudale na nan Ƙofar Rini, tampol a yaye. Waldar na nan, shekara talatin da biyu ba ta saki ba, don ko ɓarna na yi mai kyau nake yi. Ka zo da hantsi, ka tuɓe rigarka, ka kwanta cikin ƙasa kusa da ni, in kama hannunka da kaina in ɗora maka.

Amma kafin ka taɓa nawa, sai ka faɗa mani naka na shida, da ƙarfi, gaban surukinka.

In ka isa, zo.